Tsautsayi ne ko sakaci? Karin maganar da ta dace da Challenger

Baban Sadiya, Garwa: Assalamu alaikum. Jiya a majalisa aka ɗauko labarin kumbon Challenger na Amurka, wanda ya tarwatse ranar 28 ga Janairu 1986, daƙiƙa 73 da tashinsa. Mutum 7 suka mutu, har da wata malamar makaranta. Wani dattijo ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kowa ya yi shiru. Ni dai maganar ba ta kwanta mini ba. Nan ne muhallinta?

Mai Gareji, Ngaundere: Kawu, ba nan ba ne. Wata roba ce mai toshe mahaɗar rokar da ke cilla kumbon sama, sanyin safiyar ya sandarar da ita, wuta ta samu hanya. Kuma tun daren jajibiri injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar suka ce a dakata, manya suka ƙi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bara na nuna wa wani mai tirela tiyon birkinsa ya tsattsage, na sa yatsana a wurin, iska na fita. Ya ce a bari ya kai kaya Garwa ya dawo. A gangaren dutse motar ta ƙwace, yaron motarsa ya rasa ƙafa. Har yau abin yana cina.

Maman Yusra, Marwa: Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Amma ina ganin hakin nan ba raini ya sa aka bar shi ba, sabo ne. An sha ganin alamar ƙuna a robar a tafiye-tafiyen baya, kumbo ya dawo lafiya, sai ido ya saba. Haka wani kumbon Amurka, Columbia, a 2003: soson da aka lulluɓe tankin mai da shi ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu wajen tashi. Ya sha ɓallewa a baya, aka ce ba komai. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya wargaje a hanyar dawowa, wasu 7 suka tafi. Sabo turken wawa, ita zan zaɓa.

Malam na Kuseri: Kada ku zalunci dattijon. Maganar tsautsayi ta zaman makoki ce, ana faɗa wa wanda ya yi rashi don zuciyarsa ta yi sanyi. Ajalin mutanen nan ya zo, babu mai ja. Amma wanda ya sa hannu a tashi, ba shi da hurumin fakewa da ita. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah.

Ɗan Auta, Injamena: Allah gafarta Malam, to rokar Proton ta Rasha fa, da ta faɗo a Baikonur, tashar harba roka da ke Kazakhstan, a Yulin 2013 saboda an ɗaura na'urorin saita ta a kife? Babu wanda ya mutu, babu wanda ya yi gargaɗi. Wannan ai tsautsayi ne.

Mai Gareji, Ngaundere: Ƙanena, a garejina in yaro ya ɗaura abu a kife, ni da ban duba ba ake nema. Wa ya duba aikin kafin a rufe?