Neman shawara: in roƙi malamanmu masu ritaya su zo su ba da maki a jarrabawa?

Assalamu alaikum. Ni likita ce a nan Zariya, bana ni aka ɗora wa shirya jarrabawar gefen gado ta ɗaliban likitanci 'yan ajin ƙarshe. Masu ba da maki sun yi mana ƙaranci, abokan aiki da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila. Ga shi malamina, wanda ya fara koya mini sauraren ƙirji, zai cika 70 ya ajiye aiki. Raina na son ya riƙa zuwa shi da tsararsa. Abin da ke damuna, yanzu OSCE muke yi, wato jarrabawar da ɗalibi ke zagaya tasha-tasha, kowace tasha 'yan mintuna, ana bin takardar maki. Su kuwa sun saba a ba ɗalibi majinyaci ɗaya ya daɗe a kansa. In Baba ya kauce wa takardar, da wane baki zan gaya masa?

Tsohon likita, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kira shi, wallahi zai ji daɗi. Mu da muka ajiye aiki, zaman gida ya fi komai cin mu. Amma kada kunya ta hana ki zaunar da mu kwana ɗaya kafin jarrabawa: a kawo ɗalibi na gwaji, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan a kwatanta. Nan mai tsanani zai ga kansa ba sai kin yi magana ba. Ki kuma tabbatar lasisinsa na MDCN, hukumar da ke ba likitoci izinin aiki a Najeriya, na wannan shekarar ne.

Likita mai sanin makamar aiki: Anti, ni dattijo ne ya jarraba ni. Na duba cikin wata baiwar Allah tsaf, ashe ban gaishe ta ba, ban ja labule ba, hannuna kuma da sanyi. Bayan an tashi ya kira ni gefe ya nuna mini. Har yau sai na murza tafin hannu kafin in taɓa mara lafiya.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru: Likita, ki haɗa shi da matashi a tasha ɗaya, kuma ki ba shi ta gwajin jiki ko ta yi wa majinyaci bayani da Hausa. Sababbin magunguna a bar wa masu duba marasa lafiya kullum. A tanadar masa kujera mai kyau da mota, wuni guda a tsaye ba wasa ba ne.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ranar Asabar zan je gaishe shi a gida, in tafi masa da takardar makin ya fara gani.