Muhawara: Tallafin ƙasashen waje ya ceci yara ne, ko ya koya wa gwamnatoci naɗe hannu?

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe a raina. An kafa UNICEF tun 1946, Save the Children kuwa ta girme ta, tun 1919 take. Har yau ga yara nan suna mutuwa saboda gudawa da tamowa. Ni a ganina wannan tallafi bai magance komai ba. Abin da ya yi kawai shi ne koya wa gwamnatocin ƙasashe matalauta naɗe hannu, suka bar 'ya'yansu a hannun baƙi. Da babu shi, da tuni sun tashi tsaye.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Na ƙare ƙuruciyata ina aikin jinya a ɗakin yara, don haka maganar nan ta taɓa ni. A 1990 yara 'yan ƙasa da shekara 5 da suka rasu a duniya sun haura miliyan 12. A 2022 adadin ya sauko miliyan 4.9, alhali jama'ar duniya ƙaruwa ta yi. Miliyan 4.9 ɗin ma abin kuka ne, wallahi. Amma a ce ba a yi komai ba, wannan ba adalci ba ne.

Malam Sani: Hajiya, ban musa lissafinki ba. Tambayata ita ce wa ya kawo saukin? Sin ta fitar da ɗaruruwan miliyoyin mutanenta daga talauci da aikin hannunta, mutuwar yara ta ragu. Arziki ne ke ceton yaro.

Aminu: Baba Malam, a kan Sin kana da gaskiya. Amma duba Bangladesh, wadda ta rage mutuwar yara tun tana cikin matalautan duniya. A 1971, lokacin yaƙin neman 'yancinta, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira da ke Indiya. Ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari, dangi na shayar da majinyatansu da kansu, mutuwa ta ragu ƙwarai. Daga baya ƙungiyar agaji ta BRAC a Bangladesh ta tura mata gida-gida kusan shekara 10, suna zama da iyaye mata suna nuna musu awon gishirin da yatsu uku. Gidajen da suka shiga sun kai miliyan 12. Abin da ya fi burge ni, ana komawa a gwada uwar, in ta iya haɗawa daidai sai a ƙara wa mai koyarwar lada. Ba a jira ƙasar ta yi arziki ba.

Malam Sani: Madalla, Aminu, ai ka ƙarfafa mini gwiwa. BRAC ta 'yan ƙasa ce, Fazle Hasan Abed ya kafa ta a 1972. Likitan ma ɗan Indiya ne. Ina baƙon a nan?

Aminu: Baƙon yana aljihu, Baba. Cibiyar binciken kwalara ta Dhaka, babban birnin Bangladesh, inda aka yi gwaje-gwajen wannan ruwa, da taimakon Amurka aka kafa ta. Aikin BRAC na gida-gida ma masu tallafi daga waje sun zuba masa kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bilkisu: Ku bari in sa baki, domin na yi aiki da wata ƙungiyar agaji. Kuna ta kawo masu daɗin ji. A 2010 sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka kai kwalara Haiti, mutane wajen 10,000 suka mutu, har da ƙananan yara. Sai a ƙarshen 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar a lokacin, ya ba da haƙuri. A 2018 aka bankaɗo lalatar da wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam suka yi a ƙasar. Ga gidajen marayu da ake ginawa da kuɗin masu tausayi, alhali yawancin yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye, talauci ne kawai ya raba su.

Ni kaina abin da ba na mantawa: muna da cibiyar kula da yara masu tamowa, wa'adin kuɗin ya cika bayan shekara 3, aka ce mu rufe. Mata suka ci gaba da zuwa da goyo suna tarar da ƙofa a kulle. Ba wanda ya taɓa tambayarsu ra'ayinsu, farko ko ƙarshe.

Hajiya Rabi: Allah sarki, Bilkisu 'yata. Na san wannan ciwon, kuma ba zan kare ɓarna ba. Wanda ya cuci yaro da sunan agaji ya fi kowa laifi. Amma ki tuna me ake ba yaran kafin a rufe. Wannan haɗin gyaɗa da madara na cikin leda, Plumpy'Nut, da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Kafin zuwansa dole a kwantar da yaro a asibiti, uwa ta bar sauran 'ya'yanta makonni. A yunwar Nijar ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba iyaye shi suka tafi gida, aka yi wa dubban yara magani haka. Na ga yaron da ko kuka ba ya iyawa ya dawo yana wasa. Shan inna fa? A 1988 yana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Yau asalin ƙwayar cutar ta rage a Pakistan da Afganistan kawai. Wace ƙasa ce za ta yi wannan ita kaɗai?

Malam Sani: To Hajiya, na janye kalmar "komai", na yi gaggawa. Amma kan naɗe hannu ina nan daram. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. 'Yan ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Me zai sa su damu, tunda akwai mai sayen gidan sauro da allurar rigakafi? Sai ga 2025, gwamnatin Trump ta rushe USAID, hukumar tallafi ta Amurka, Birtaniya ma ta ce za ta rage tallafinta zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Dare ɗaya aka rufe cibiyoyi. Wanda ya dogara da rijiyar maƙwabci, ranar da aka rufe ta zai san ƙishirwa.

Hajiya Rabi: Amma wa ke jin ƙishirwar, Malam? Ɗan minista ba ya layin cibiyar tamowa. In an yanke tallafi don a hori gwamnati, jaririn talaka ne ke shan bulalar, kuma ƙyanda ba ta jiran kasafin baɗi.

Aminu: Akwai hanyar tsakiya da aka gwada. Gavi, ƙungiyar da aka kafa a 2000 don taimaka wa ƙasashe matalauta da allurar rigakafi, tana sa kowace ƙasa ta biya nata kason, kason na ƙaruwa yayin da arzikinta ke ƙaruwa, har a yaye ta. An yaye Indonesiya da Sri Lanka da Vietnam, yanzu su ke sayen allurarsu.

Malam Sani: Irin wannan zan iya goyon baya. A rubuta ranar yaye tun ranar farko, kowa ya sa hannu.

Bilkisu: Mu ma an rubuta mana ranar, Malam. An ce hukumar lafiya za ta karɓi cibiyar. Ranar ta zo, ba wanda ya zo karɓar makulli, kuma akwai yara a jerin waɗanda ba su gama shan maganinsu ba. In ƙasa ta saɓa alkawari ranar yaye, a tafi a bar yaran, ko a zauna?

Hajiya Rabi: Ni dai a zauna, ko da za a ce na ɗaure wa gwamnati gindi.

Malam Sani: Ni kuma wannan zaman ne nake tsoro. Amma da ni ke riƙe da makullin a ranar, Bilkisu, ban jin zan iya kullewa.