Dan Allah a ba ni shawara, ƙarar bene ta hana Hajiyarmu barci

Baban Amira: Slm jama'a, masu ilimin gini ku taimaka min kaina ya kulle. Gidanmu na gado ne a nan cikin Kano, bayan rasuwar Baba da aka zauna rabo ƙannena mata suka ce ba za a sayar ba tunda Hajiya na raye, ni kuma lokacin ina haya mai gidan kullum ƙari, shi ne yayanmu ya ce ai dama Baba ya zuba dekin kafin ya rasu, in ɗora bene in zauna kusa da ita, har sai da kawunmu ya sa baki saboda mijin ɗaya daga cikin ƙannen nawa ya so ya kawo wata magana, to wannan dai ya wuce. Na gina, na sa tayil ko'ina, mun tare. Yanzu yara in suka yi gudu ko aka ja kujera ko murfin tukunya ya faɗi, a kan Hajiya yake sauka, ga ta da hawan jini. Ba ta taɓa yi min magana ba, ƙanwata ce ta ce wai ta koma kwana a falo. Wani ya ce in yi mata silin na POP a ɗakinta, wani ya ce in fasa tayil ɗin in sa na katako. Me zan shimfiɗa ƙarar nan ta ragu?

Maman Biyu: Allah sarki Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ka sa kafet kawai malam.

Injiniya: Kar ka fara kashe kuɗi a POP. Ƙara iri biyu ce. Akwai mai bin iska, murya da talabijin, ita wannan dekin kankare yana tare ta sosai, shi ya sa ba ka ce Hajiya tana jin hirarku ba. Akwai ta bugu, taku da jan kujera da faɗuwar abu, ita cikin kankaren take shiga ta bi ginshiƙi da bango ta sauka. Ko ka rufe saman ɗakinta da POP, bangon ɗakin zai ci gaba da kawo ta. A inda ake bugun ake kashe ta, wato a samanku, kuma tayil a kan kankare shi ne mafi muni. Wane ɗaki ne a saitin ɗakinta? Kaurin dekin nawa? Nawa ka ware?

Mai POP: Haba Injiniya, kar ka kashe mana kasuwa mana 😂 Ni na sha yi, in aka bar tazara aka cusa audugar nan ta rufi a ciki ana samun sauƙi wlh.

Injiniya: Ana samu, kaɗan. In ƙarafan da ka rataye shi da su a jikin dekin suke, su ma hanya ce.

Baban Amira: Kafet ba zai yiwu ba, ƙaramar 'yata tana da asma, kun san ƙurar hunturu a garin nan. Kuma tayil ɗin ba ƙaramin kuɗi na sa ba, mai kyau ne, uwargida ce ta zaɓa don ya shiga da kujerunta.

Uwar Gida Ran Gida: Hmm ku naku yara ne ma. Ni wadda ke samana a gidan haya daka take yi a bene, turmi da taɓarya, ana idar da asuba! Na yi magana ta ce ai ba kyauta take zaune ba. Na kai wa mai gida ya ce mu yi haƙuri da juna, shi yana can gidansa. Jaririna har firgita yake.

Dattijo: Magana ta gaskiya tarbiyya ce. Mu da muka taso ko takalmi ba ka isa ka ja a gaban ɗakin kaka ba.

Baban Amira: Baba da girmanka, yaran nan babbar ba ta shiga firamare ba. Ɗaure su zan yi?

Injiniya: Tunda ka ƙi kafet, alhali shi da soso mai kauri a ƙarƙashi ya fi komai kashe taku, saura biyu. Ko ka ɗora na katakon nan mai shiga cikin juna a kan tayil ɗinka ba sai ka fasa ba, da shimfiɗar roba siririya a ƙasa, milimita 2 zuwa 3. Kar wani ya ce ka ninka soso don ƙara ta fi mutuwa, yana lotsawa haɗin zai ɓalle. Kuma a bar ɗan fili tsakaninsa da bango. Ko ka yi na gaske: a cire tayil, a shimfiɗa roba ta hau gefen bango, a zuba sabon daɓe a kanta yadda ba zai taɓa bango ba, sannan tayil. Amma daɓe santimita 5 ya kai kilo 100 a kowace murabba'in mita, dekin da ban san rodin da ke ciki ba ba zan ce ka ɗora masa ba sai an zo an duba. Ƙofofi ma sai an rage su.

Maman Biyu: Na katakon nan kar ka soma in kana da yara. Ƙanwar mijina ta sa, yarinyar aiki tana mofin da ruwa cike da bokiti, duk bakin ya kumbura ya tashi.

Injiniya: Wancan mai garin katako ne a ciki. Akwai SPC, wanda ake yi da roba da garin dutse, shi ruwa ba ya kumbura shi. Sai dai ya fi tauri, kar ka sa rai shiru za a ji gaba ɗaya.

Ɗan Kurna: Kwalin ƙwai fa? Na ga masu situdiyo suna mannawa.

Injiniya: Kyankyaso kawai zai tara masa.

Uwar Gida Ran Gida: Ni dai ko tsumma ta sa a ƙarƙashin turmin da na gode mata.

Dattijo: Ku sauko ƙasa mana, a mai da Hajiya sama. Shi ke nan ba siminti ba roba.

Baban Amira: Gwiwa take fama da ita, matakala uku ma da ƙyar. Kuma ɗakin da ta zauna da Baba ne, ba za ta bar shi ba. Injiniya maganar a duba dekin, ai Baba da kansa ya tsaya aka zuba, ba mutumin da zai yi ha'inci ba ne, ga shi ya ɗauki bene lafiya lau.

Injiniya: Allah ya jiƙansa, ban ce ya yi ha'inci ba. Har yanzu ba ka faɗa min wane ɗaki ne a saitin nata ba. In na yara ne, ka musanya shi da naka yau ɗin nan, ka sa wa ƙafafun kujeru roba, ka sayo tabarmar robar nan mai haɗe-haɗe ta wasan yara, ana goge ta ba ta riƙe ƙura. Ka gwada wannan kafin ka taɓa tayil.

Baban Amira: Gadonmu ba zai shiga ɗakin yaran ba, na auna. Gobe zan leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa in ji farashi. Mai POP turo min lambarka ta inbos mu yi magana.

Uwar Gida Ran Gida: Dan Allah wanda ya san gidan haya na ƙasa wajen Hotoro ya yi min magana.