Zakaran ƙeƙuwa da 'yan uwansa: me kuke fara dubawa?

Ɗalibi daga Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. A watan Janairu na bi masu ƙidayar tsuntsayen ruwa zuwa fadamar Argungu, aka miƙo mini littafi da madubin hangen nesa. Duk mai dogayen ƙafafu da baƙi da fari a ka, sai in rubuta zakaran ƙeƙuwa. Da yamma wanda ya jagorance mu ya duba hotunan da na ɗauka, ya ce iri uku na cusa a layi ɗaya. Abin yana ci mini rai har yau, don ranar ta wuce, lissafin kuma ba ya gyaruwa. Ku da kuka saba da bakin gulbi, don Allah ku taimaka.

Manomi daga Jega

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da ƙafa. Wanda ke cika mana kunne a gonar shinkafa ƙafarsa baƙa ce, ido ja, kai baƙi kamar ya kafa hula, kumatu farare tas, baƙin ya gangaro daga maƙogwaro har ciki. Ɗayan kuwa jar ƙafa gare shi, da ɗan siririn tukku a ƙeya, kuma ba ruwansa da ruwa. A fako nake samunsa, ko filin ƙwallon yara, ya laɓe a inuwa da rana, sai dare ya raba ya kama kuka. Mu nan suna ɗaya muke kiransu, amma ban taɓa ganin mai tukkun tsaye cikin laka ba.

Basarke daga Yawuri

Ɗana, ka zo nan in ruwa ya ja baya. Bisa yashin Kwara akwai mai leɓe ruwan ɗorawa yana reto gefen baki kamar na zakara. Su ma biyu ne. Na yashi cikinsa fari fat, farin layi ya ratsa tsakar kansa, leɓen dogo, in ya tashi kuwa fiffiken kusan duk fari ne. Na cikin ciyawa jikinsa ruwan ƙasa, wuya da zane-zane, fari a goshi kaɗai, da ɗan ja a saman leɓen. Kar ka dogara da ƙayar fiffike, dukansu suna da ita.

Ladin kogi kuma ba ya ɓacewa kowa, baya toka-toka, ciki kamar an shafa masa goro. Bara munka tsaya wani gungu shanya taru, na ga ya tashi daga wuri guda ya ruga bakin ruwa, ya jiƙa cikinsa ya dawo ya kwanta. Sau uku yana haka. Da ya kauce na je na duba, babu komai sai yashi mai danshi, ga rana tana ƙuna. Na tona da yatsa a hankali, sai ga ƙwai biyu binne. Na mayar da yashin, na ce wa yara su janye tarun can gaba. Maganar wai yana sakace wa kada haƙori, tun ina yaro nake jin ta, shekara arba'in ina bisa ruwa ban gani ba.

Malamar kimiyya daga Argungu

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan binne ƙwan haka yake a rubuce. Ni ƙananan ne suka fi wahalar da ni, masu baƙar sarƙa a wuya, waɗanda ke gudu su tsaya cak su sake gudu. Biyu daga cikinsu baƙi ne, daga Turai da Asiya suke zuwa bayan damina, su koma kafin wata daminar ta faɗi. Na farko yana da zobe ruwan ɗorawa kewaye da ido, ƙafarsa a koɗe. Na biyu ya ɗan fi shi kauri, ƙafa ruwan lemo, babu zoben. Matsalar ita ce lokacin da suke wurinmu launinsu ya dushe, zoben ma da ƙyar ake ganinsa, ga hazo. Sai na koyi jira. In ya tashi ka ga farin layi ya bi tsawon fiffike, mai ƙafar lemo ne. In fiffiken ruwan ƙasa ne zalla, mai zoben ne. Na taɓa zama kusan rabin awa a bakin kogin Matan Fada saboda tsuntsu ɗaya, ban kore shi ba, har wani kwalekwale ya tashe shi.

Ɗalibi daga Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, akwai wani a hotunan, ƙarami kamar su, amma babu sarƙa a ƙirji, ƙirjin ja-ja ne kaɗan, farar gira ta zagaya har ƙeya.

Malamar kimiyya daga Argungu

Wannan ɗan gida ne, a nan Afirka yake haihuwa, masana na kiransa Kittlitz. Busasshiyar laka da gajeriyar ciyawa inda shanu suka yi kiwo yake so. Shi ma in ya hango mutum yakan watsa wa ƙwansa ƙasa da ƙafa kafin ya bar wurin, don haka in ka koma can ka riƙa duba inda kake takawa. Turo hoton in ga ƙafafun.