Ma'aikatan kanta da bayanin magani: ta ina za a fara koya musu?

Sadiya: Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Manya, shawara nake nema. An damƙa min kula da wani famasi a Bauchi Road a Jos, ma'aikata uku ne a kanta, duk sun gama sakandare. Lissafi da sanin inda kowane kwali yake kam sun iya. Amma da mutum ya biya sai a ɗaure masa a leda a ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Ni kuma ba zan iya tsayawa kan kowane mai saye ba, balle bayan Magariba da layi ke kai wa bakin ƙofa. Ta ina zan fara koya musu yi wa mutane bayani? Akwai kwas ne, ko wani tsari da kuka gwada?

Baba Ɗanladi: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki fara da littafi. Ki duba rijistar cinikinku, ki fitar da magungunan da suka fi fita, ba za su wuce ashirin ba: na zazzaɓin cizon sauro, farasitamol, amoksisilin, Flagyl, na hawan jini, na suga, na gyambon ciki, na ƙarin jini, ruwan gishiri da sukari. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa ki ɗauko ɗaya ki aje a kan kanta. A kan kowanne su iya faɗin abu huɗu da Hausa ba tare da sun duba takarda ba: na mene ne, nawa za a sha kuma yaushe, har kwana nawa, sai abin da in mutum ya gani zai dawo ko ya wuce asibiti. In kika cika su da sunayen sinadarai za su gyaɗa kai ne kawai, gobe ba za ki tarar da komai ba.

Da muke aikin asibiti haka muka horar da yara, kuma da maganin maleriya nake farawa, don shi aka fi saye shi aka fi shan sa ba daidai ba. Irin su Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku. Na biyu bayan awa 8 da na farko, sannan safe da yamma a kwana biyun da suka rage. A sha bayan abinci mai ɗan maiƙo ko da madara, don da maiƙo yake shiga jiki sosai. Mai awo 20/120 babba ƙwaya huɗu yake sha a lokaci guda, mai 80/480 kuwa ƙwaya ɗaya. Yaron kanta da bai san wannan bambancin ba, yana iya ce wa mutum ya sha huɗu na 80/480 ɗin. Na yara da nauyi ake bi, da mai 20/120: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku. Ki sa sikeli a ƙasan kanta, ba tsada gare shi ba.

Sadiya: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan na kowace safiya zan iya.

Famasist Bitrus: Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Na yarda da Baba, amma ni da iyaka nake farawa. Kafin yaro ya koyi abin da zai faɗa, ya san inda zai yi shiru ya kira ki. A wurina a Bukuru na rubuta na manna a cikin kanta ta inda mai saye ba ya gani: mai ciki ko mai shayarwa, jaririn da bai kai wata biyu ba yana zazzaɓi, yaron da ke jijjiga ko ya ƙi nono ko yana amayar da komai, jini a bayan gida, takardar likita kowace iri, da duk wanda ya ce yana kan wani maganin tuni. Waɗannan ba na ma'aikacin kanta ba ne. Tarin da ya wuce mako biyu ma ba a ba shi sirop a sallame shi, a tura shi gwajin tarin fuka, maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Tsorona shi ne ka koya wa yaro kaɗan, bayan wata biyu 'yan unguwa sun fara kiran sa dokta, shi ma ya fara amsawa. Dokar PCN (hukumar kula da harkar famasi ta Najeriya) ta 2022 ta sa hukumar ce ke kula da famasist da teknishiyan da masu kemis gaba ɗaya, kuma in wani abu ya faru lasisinki za a nema, ba na yaron ba.

Malam Nuhu: Yallaɓai Bitrus gaskiya ka faɗa, sai dai mu masu ƙananan kemis a Gangare babu famasist a bayan labule da za a kira. Ni ne, sai yarona. Abin da ya fi yi min aiki shi ne a sa mai saye ya maimaita. Idan ka ce "kin gane?" kowa zai ce eh, ko don kunya. Na koya wa yarona ya ce, "Hajiya, in kin isa gida yaya za ki ba shi?" Nan za ka ji abin mamaki. Wata ta ce cokali uku za ta ba shi lokaci guda da safe ta huta. Da ba a tambaya ba haka za ta yi.

Na biyu, agogo ba ya aiki a wurin mutanenmu kamar lokacin sallah. Sau uku: Asuba, Azahar, Isha'i, tazarar ta kusa awa takwas takwas. Sau biyu: bayan Asuba da bayan Magariba.

Anti Laraba: Malam Nuhu wannan dabara ce mai kyau, amma a Jos muke, rabin masu shiga kantin Sadiya ba da kiran sallah suke lissafi ba. A koya musu su duba wanda ke gabansu. Wani sai ka ce masa in ka tashi, in yara sun taso daga makaranta, in za ka kwanta. Kuma Hausar ma iri iri ce a garin nan. Tsohuwar da ta sauko daga ƙauye da kayan gwari, ko Bafulatanar da ta kawo nono, Hausar kasuwa take ji, kada a yi mata doguwar magana. In cikin ma'aikatan akwai mai jin Berom ko Fulatanci, shi za a tura, da ɗan gari kan ci gari.

Ni a matsayina na nas abin da ya fi ƙona min rai sirop ɗin yara ne wanda ke zuwa a matsayin gari. Uwa ta zo da kwalbar amoksisilin an cika ta da ruwa har wuya, ko kuma tana ɗiban garin da cokali tana damawa. Sadiya, ki sadaukar da kwalba ɗaya, ki sa kowannensu ya haɗa a gabanki: a fara kaɗa garin ya saki, a zuba ruwan da aka tafasa ya huce rabi, a girgiza, sannan a cika daidai layin da ke jikin kwalbar. Mafi kyau ma a haɗa wa uwar a kanti tana kallo. A nuna mata layin mil 5 a murfin awo ko a sirinji, a sa alama da biro, don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. A faɗa mata in an haɗa yana da wa'adi, galibi kwana 7, a bi abin da kwalin ya ce, ba a ajiye ragowa don ƙanen yaron.

Haka ruwan gishiri da sukari. A duba ledar, akwai ta lita ɗaya akwai ta rabin lita, kuma in ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zink ɗin da ake haɗawa da shi kwana 10 zuwa 14 ne ko da gudawar ta tsaya, ƙwaya guda ta miligiram 20 ga wanda ya kai wata shida, rabi ga wanda bai kai ba. Iyaye suna dainawa a rana ta biyu saboda ba wanda ya ce musu su ci gaba.

Auwal: Salam iyayena. Ni yaron kanta ne a wajen Terminus, ku yi haƙuri in sa baki. Ba rashin son bayani ba ne wani lokacin. In ka tsaya da mutum ɗaya minti uku, na baya suna tsaki, maigida yana hararar ka, ƙarshen wata kuma ciniki ake dubawa. In ana so mu yi bayani sai mai wuri ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda layi ya ɗan jira. Sannan ga masu cewa "haɗa min na ɗari biyar na ciwon jiki". In ka ƙi, kantin gaba zai haɗa masa.

Famasist Bitrus: Auwal ka kyauta da ka yi magana, wannan laifin namu ne masu wuri. Haɗin nan kuwa shi ne babbar masifa: diklofenak da ibufurofen da wani lokacin har da firednisolon a leda ɗaya babu suna, mai gyambon ciki ya sha da safe ba komai a cikinsa. A wurina an daina, an rasa wasu masu saye, wasu sun dawo. Abin da na koya wa yarana su ce shi ne, "Baba, bari in ba ka guda ɗaya mai suna wanda in ya yi maka ka san me ka sha." Kuma su riƙa tunawa da cewa yawancin magungunan mura akwai farasitamol a ciki. Babba ba ya wuce ƙwaya takwas masu 500 a awa 24, har da wanda ke cikin na murar. Lokacin hunturun Jos kowa yana haɗa biyun.

Hajiya Binta: Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, mai saye ce, mahaifiyata na da suga da hawan jini. Roƙona biyu. Na ɗaya a rage murya. Ba daɗi mutum ya zo sayen abin da yake jin nauyinsa a ɗaga kwali sama ana tambayar na ciki farashi. Na biyu, yawancinmu matan aure aike muke yi. Yaro ɗan shekara tara za ka yi wa bayanin maganin hawan jini? Kafin ya kai gida ya tsaya kallon ƙwallo. Akwai wata yarinya a kemis ɗin unguwarmu, Allah ya yi mata albarka, sai ta karɓi lambata daga wurin yaron ta turo min saƙon murya ta WhatsApp. Mama takan sa a sake kunna mata.

Baba Ɗanladi: Hajiya wannan yarinyar ta fi wasu masu takarda. A kan ambulan ɗin magani kuma, 1-1-1 ɗin da muka saba rubutawa ba kowa ke karanta shi ba. A zana rana tana fitowa, rana tsaka, da wata, a ja sanda a ƙarƙashin kowanne gwargwadon yawan ƙwaya. Suna da ranar lalacewa su ma a rubuta, musamman in an yanko daga kati.

Sai abubuwan da ke tsorata mutane su yar da magani alhali ba komai ba ne, a faɗa tun kafin su gani. Maganin ƙarin jini yana sa bayan gida ya yi baƙi, kuma kada a kora shi da shayi. Rifamfisin na tarin fuka yana sa fitsari ya yi ja. Akwai kuma waɗanda in an gani a dawo: kumburin ƙafa ga mai shan amlodifin, busasshen tari ga mai shan lisinofiril, duka biyun na hawan jini ne. Sifurofuloksasin da doksisaikilin ba a haɗa su da madara ko maganin ƙwannafi lokaci guda. Flagyl ba ya shiri da giya, burkutu ma giya ce, a faɗa a hankali ba tare da an tsare mutum da ido ba.

Malam Nuhu: A ƙara da tambayar jiƙo da sassaƙe. In ka tambaya da faɗa za a ce maka a'a. In ka ce "me aka ɗan gwada a gida kafin a zo?" sai a faɗa maka har da sunan mai maganin.

Sadiya: Wallahi na cika shafi biyu. Maganar kwas fa? Ɗaya daga cikin yaran tana da kai sosai.

Famasist Bitrus: In tana da sha'awa ta nemi karatun teknishiyan na famasi a kwalejin fasahar lafiya, muna da irinta a Pankshin, ki dai tabbatar PCN ta amince da kwas ɗin duk inda za ta je, don hukumar ce ke yi musu rijista bayan sun gama. Ki kuma shiga taron ACPN, ƙungiyar famasist masu kanti, na jiha, a can ake jin labarin bita. Na yau da gobe kuwa ke ce malamarsu. Ranar da ba cunkoso ki zama mai saye, ki zo da rigima: ki ce ke mai ciki ce kina son na ciwon baya, ko ki nemi tiramadol ba takarda, ko sirop mai kodin wanda gwamnati ta hana shigowa da shi da sarrafa shi tun 2018. Ki ga yadda za su ƙi ba tare da an yi faɗa ba. Su iya duba lambar NAFDAC, su kuma nuna wa mai saye yadda ake kankare lambar da ke jikin wasu kwalaye a tura ta waya a tabbatar ba jabu ba ne.

Hajiya Binta: Azumi fa? Mama takan ce a mayar mata da na rana zuwa sahur.

Anti Laraba: Hajiya wannan kada yaron kanta ya taɓa shi, ko da ya ga kamar ya sani. Magungunan suga irin su gilibenkilamaid suna iya faɗar da suga tsakar rana ga mai azumi, mutum ya hau gumi da rawar jiki har ya suma. Ku kai ta wurin likitanta tun cikin Sha'aban da duk kwalayen da take sha, ya tsara mata lokutan, ya kuma faɗa muku adadin da in awo ya nuna za ta karya azumin. Sadiya ki ƙara mai suga da ke shirin azumi a jerin Bitrus na waɗanda za a kira ki.

Sadiya: Na ƙara Anti. Yallaɓai Bitrus, don Allah a ɗauko min hoton takardar da ke manne a kantarka.

Famasist Bitrus: Ta sha hannu har ta fara gogewa, bari in sake buga ta da daddare in saka a nan kowa ya ɗauka. Malam Nuhu, taka za ta ɗan bambanta, inda na rubuta a kira famasist kai sai ka sa sunan asibitin da ya fi kusa da ku.