Shin Hausawa ne suka kafa Agege?

Ɗan Mabera, Sakkwato: Ni dai ina nan kan bakata. Agege da ke Legas Hausawa ne sunka kafa ta. Ku shiga Zango ku gani: Hausa ake yi, akwai Sarkin Hausawa da fadarshi, ga masallatai, ga makarantun allo, ga masu tuwo da fura. Akwai gidajen da kaka da jika duk can anka haife su. In ba mu munka kafa ta ba, wa ya kafa?

Malamar tarihi, Runjin Sambo: Ƙanena, daɗewa a wuri daban, kafa shi daban. Ƙasar Agege ta Awori ce, wani reshe na Yarbawa, kuma tsohon mazauninsu na nan, Orile Agege, da sarautarsu. Kafin ma harkar goro ta kankama, koko ne ya fito da sunan yankin. Attajiran Legas irin su J.K. Coker sun buɗe manyan gonaki wajen Ifako, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Mutanenmu sun tarar da gari da masu shi.

Ɗan Mabera: Anti, gonaki kike faɗi, ni gari nike faɗi. Daji da bukkokin manoma ai ba gari ba ne.

Dattijo mai goro, Shagon Goro: Yaro, tsaya in gaya maka abin da munka gada. Kakanninmu ba Legas suke zuwa neman goro ba, Gwanja suke tafiya, can ƙasar Gana ta yau, da jakai cikin ayari, wata da watanni. Jirgin ƙasa ne ya juya hanyar. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, zuwa 1912 an haɗa Legas da Kano. Da farko goron ta ruwa yake isowa Legas, daga baya manoman Agege, Ota da Ifo sunka dasa irin na Gwanja a gonakinsu. To, ga goro ga tasha, ina ɗan kasuwa zai zauna in ba bakin tashar ba? Mu nan Sakkwato dogo bai taɓa iso mu ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, don haka a wancan zamani a Gusau ake sauke kayanmu, mota ta ƙaraso da su.

Kuma aikin goro ba na mai sauri ba ne. Sai an zauna an tsince mai sankara ɗaya bayan ɗaya, an ware fari da ja, an shimfiɗa ganye cikin huhu, an yayyafa ruwa, an ɗaure tam. Bayan 'yan kwanaki a kwance a sake dubawa, don ƙwaya guda in ta lalace sai ta ja sauran. Wanga aiki shi ya zaunar da mutane, sunka yi aure, sunka gina gidaje. Amma goron nan a gonar wa ya tsiro? Filin Zangon wa ya bayar? Mai gona da mai saye, kowa da hannunshi a ciki.

Direban tirela, Illela: Baba ya yi gaskiya, sai dai a ƙara da shanu. Babbar mayankar Legas tana Oko-Oba, cikin Agege. Mukan ɗauko shanu daga karar Illela, mu kwana bisa hanya, mu sauke can da asuba. Dillalai yawanci namu ne, mahauta da masu sayen nama yawanci Yarbawa. Ran da motocin Arewa ba su shiga ba, duk Legas sai ta ji a tukunyarta. Saboda haka ni ina bayan Ɗan Mabera rabi: ba mu kafa ba, amma ba don mu ba da Agege ba ta kai haka ba.

Malamar tarihi, Runjin Sambo: Wannan rabin na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne ɗaukar duk wani abin Musulunci da ke can a ce namu ne. Markaz, makarantar Larabci da ta fi kowace suna a Agege, Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ne ya kafa ta, a Abeokuta a 1952, daga baya ya dawo da ita Agege. Malamin Ilori ne, kuma ya rubuta littafi da Larabci kan Musulunci a Najeriya da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mu 'yan Sakkwato ya kamata mu fi kowa sanin wannan.

Ɗan Mabera: To na ji. Amma wanda anka haifi kakanshi a Zango har yau baƙo ake ce mishi. Wannan adalci ne?

Dattijo mai goro, Shagon Goro: Ba adalci ba ne, kuma nan ya kamata ka sa ƙarfinka. Yana biyan haraji can, yana jefa ƙuri'a can, ya cancanci takardar zama ɗan ƙaramar hukuma, da gurbin makaranta, da kujerar kansila. Wannan haƙƙi ne, a neme shi da babbar murya. Amma ka ce "mu munka kafa", kana zaune Mabera lafiya lau, su da ke can su za su kwana da maganar. Wanda ya tuna rikicin Hausawa da Yarbawa na unguwar Idi-Araba a 2002 ba ya wasa da zancen wa ke da gari a Legas.

Direban tirela, Illela: Yanzu ma unguwar na canzawa. Gadar Pen Cinema da anka buɗe a 2021 ta rage cunkoson da ke mashigar dogo, ga sabon jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan yana tsayawa Agege. Kuɗin haya sai hawa yake, 'yan uwanmu da dama na ja baya zuwa wajen Agbado da Ota. Baba, masu aiko muku da goro har yanzu a Zango suke, ko su ma sun tashi?

Dattijo mai goro, Shagon Goro: Iyalai na nan Zango. Goron kam yanzu ya fi fitowa daga Shagamu da Ondo, kuma a mota yake zuwa.