"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": har da ƙasashe?

Ɗan Auta: Jama'a, a warware mini. Muna hira wani ya ce tun 2018 Finlan ke zuwa ta ɗaya a rahoton ƙasashen da suka fi jin daɗin rayuwa. Sai wani dattijo ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Nan hira ta mutu. Maganar ta zauna a wurin kuwa?

Uwar Biyu: Ba ta zauna ba, ƙanena. Ai masu ɗakin aka tambaya. Kamfanin Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a da rahoton ya dogara da shi, kan ce wa mutum ya ɗauki rayuwarsa kamar tsani mai matakai daga 0 zuwa 10, ya faɗi inda yake tsaye. Ba wani baƙo ne ya leƙo ta taga ya ba su maki ba.

Tsohon Direba: Hajiya, mai ɗakin da bai taɓa kwana a wani ɗaki ba fa? Ya tara kwano a ƙarƙashin yoyon shekara da shekaru har ya daina jin ɗigarsa. Ka tambaye shi, ya ce maka bakwai. Wani kuma rufinsa lafiya lau, ɗan danshi ya gani a bango, shi ma ya ce bakwai.

Malam Na-Gefe: Ni dai a yadda na taso na ji, ana faɗinta ne ga wanda ya hango ka daga nesa yana cewa ka huta, alhali kai ka san abin da ke cinka. To a nan dattijon bai yi kuskure ba. Ku dubi Jafan: arziki, tsawon rai, jiragen ƙasa ba sa makara. Amma har suna suka raɗa wa mutuwa saboda yawan aiki, karoshi, kuma sai a 2019 dokar da ta ƙayyade aikin bayan lokaci ta fara aiki, awa 45 a wata a bisa ƙa'ida. Wa zai hango wannan daga waje?

Uwar Biyu: Malam, ai kai da kake waje ka hango, tunda ga shi kana ba mu labari!

Tsohon Direba: Abin da ya fi ɗaure mini kai Turai ne. Dokar Tarayyar Turai ta ba ma'aikaci hutun mako huɗu da albashinsa duk shekara, Faransa ta mayar da makon aiki awa 35 tun 2000, Amurka kuwa ba dokar tarayya da ta tilasta hutu mai albashi ko na kwana ɗaya. Amma da Gallup ɗin ya tambayi wa ke yin aikinsa da zuciya ɗaya, Turai ce a ƙarshe, wajen kashi 13 cikin ɗari.

Ɗan Auta: To Baba, wannan yoyo ne ko kuwa?

Uwar Biyu: Wataƙila ba a ɗakin aiki suke kwana ba, shi ya sa bai dame su ba.

Malam Na-Gefe: Ɗan Auta, dattijon naku ya taɓa zama a waje ne? Ka tambayo mana shi, don in ya taɓa, fassarar ta canja.